Kunnen Hagu

A hawa na shida, a unguwar Zaspa ta birnin Gdansk,
inda iskar teku ke kwana tana ƙwanƙwasa taga,
ni Bogumil, tsohon mai walda,
nakan shiga yaƙi bayan cin abincin dare.
Yaƙin cikin allo ne,
jikata Jagoda ta ɗora mini shi
don kada kaɗaici ya cinye ni bayan rasuwar kakarta.

Daren Talata sau tara aka kashe ni,
kuma duk ta hagu.
Abokin gaba yakan zo kamar kyanwa,
ba takun takalmi, ba ƙarar tsakuwa,
sai dai in ga allo ya yi ja.
Na dama kuwa, ko tari ya yi na ji shi.

Na ce laifin waya ne.
Na zare fulogi, na hura ramin, na mayar,
ina murɗawa a hankali kamar mai neman tasha a rediyo.
Shiru.
Na ce to, laifin manhaja ne.
Na goge direban sauti, na sauke sabo,
kwamfuta ta suma, ta farfaɗo, ta sake suma,
har shayina ya huce.
Na leƙa ma'aunin dama da hagu,
na tarar da shi zaune daram a tsakiya
kamar alƙalin da bai ci hanci ba.

Ranar Laraba na tafi shagon Leslaw.
Ya fito da katin sauti cikin kwali mai ƙyalli,
ya ce da wannan, ko gizo-gizo ya yi saƙa
a bayan bangon wasan, zan ji.
Zuloti ɗari bakwai.
Da sabon hedifon mai laushin fata, dubu da ɗari biyu.
Na juya kwalin, na juya fanshona a zuci,
na tuna kuɗin ɗumama ɗaki, ga hunturu a bakin ƙofa.
Na ce ya ajiye mini zuwa Asabar.

Juma'a Jagoda ta zo, ƙanƙara a kafaɗarta.
Ta saurari ƙarata har ƙarshe,
ba ta taɓa linzami ba, ba ta buɗe komai ba.
Ta cire hedifon daga kaina,
ta juya shi, na dama ya koma hagu,
ta mayar mini, ta ce, "Kaka, yanzu ina shirun yake?"

Na kasa kunne.
Shirun bai motsa ba.
Yana nan inda yake, a hagu,
ya shimfiɗa tabarma kamar mai gida.

Laifi tudu ne.
Na taka nawa, ina hango na waya.
Shekara talatin da ɗaya a cikin cikin jiragen ruwa,
Zenon yana dukan ƙarfe da guduma a haguna,
ni ina dariyar masu toshe kunne da auduga.
An ce kunne ya girmi kaka;
nawa dai ya riga kakan tsufa.

Ta danna wani wuri, ta haɗe sautin biyu ya zama ɗaya,
duk duniya ta kwararo ta ƙofar da ta rage.
Yanzu ina jin takun,
sai dai ban san ta inda yake zuwa ba.

Asabar ban koma wurin Leslaw ba.
Kuɗin na cikin ambulan, an rubuta sunan likita a bayansa.

Amma da dare, da na kashe fitila,
na tuna Halszka a haguna take kwana.
Shekara nawa tana magana cikin duhu,
ina cewa a raina barci take yi?